Ladabin da Ya Kusa Hana Ni Tuƙa Jirgi

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, ɗalibi a wata kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a nan Dubai, kuma sojan ko-ta-kwana, wato irin waɗanda suka gama horon soja suka koma harkokinsu, amma duk ranar da aka kira su dole su ajiye komai su sa kaki. Sai dai da za ka shiga unguwar Al Ras a lokacin ka tambayi 'yan kasuwarmu na Kano ko wane ne ni, ba wanda zai ce maka soja ko ɗalibi. Cewa za su yi, ai yaron nan ne mai ladabi, ɗan ƙanwar Alhaji mai shagon kayan yaji. Da wannan yabon na tashi, ina jin daɗinsa har cikin raina, kuma shi ne ya kusa raba ni da abin da na fi so a duniya.

Mahaifina ɗan ƙasar nan ne, Allah ya yi masa rasuwa tun ban shiga firamare ba. Umma kuwa Bakanuwa ce, ta zo wurin yayanta ne aure ya riƙe ta. Bayan rasuwar sai muka koma hannun wannan yayan nata, wanda nake kira Kawu, a wani bene da ke saman shagonsa. Saboda haka fasfo ɗina na Larabawa ne, amma tarbiyyata ta cikin birnin Kano ce, har ma na fi 'yan can riƙe ta, don Kawu yana tsoron kada a ce ɗan ƙanwarsa ya lalace a ƙasar waje. Ba na gaida babba a tsaye. Ba na kallon idonsa. Kalmar a'a kuwa ban taɓa furta ta ga wanda ya haife ni ko ya yi sa'ar wanda ya haife ni ba. In babba ya yi kuskure a gabana, iyakata in yi gyaran murya, ko in ɗauko zance daga nesa in yi ta zagaye har ya gano da kansa, ya kuma ɗauka shi ya gano. Na ƙware a wannan har Kawu yakan nuna ni ga baƙinsa kamar yadda yake nuna musu sabuwar citta.

Son jirgi kuwa daga saman benen nan ya kama ni. Duk wanda ya zauna a Deira, ɓangaren garin da unguwarmu take, ya san jirage ba sa barin kunne ya huta. Umma takan aike ni shanyar barkono ko kuɓewa, in je in tsaya baki buɗe ina kallon cikinsu lokacin da suke sauko da tayoyi, har sai ta leƙo ta tambaye ni ko ni ma shanya kaina na yi. Da na gama sakandare na je na yi aikin soja da ke kan kowane ɗan ƙasa namiji, kuma in faɗa maka gaskiya ban sha wuyar da abokaina suka sha ba. Rana ta gasa mu, ƙafa ta yi kanta, amma abin da ya fi damun su, wato a ba ka umarni ka bi ba musu, ni a gida na saba da shi. Saje yana buɗe baki na riga na amsa. Na fito da yabo, aka sa sunana cikin 'yan ko-ta-kwana, na kuma samu gurbi a kwalejin tuƙi.

Shekarun farko sun yi mini daɗi duk da wahalarsu. Jaka biyu gare ni a bayan ƙofa, ɗaya ta littattafai, ɗaya ta kaki da takalmin soja, don kiran atisaye ba ya duba ko kana da jarrabawa. Nakan dawo daga sahara fuska ta yi baƙi, in zauna in biya karatun da ya wuce ni. A shago kuwa na zama abin tsokana. 'Yan kasuwa suka sa mini suna Direban Sama, kowa yana kama wuri tun kafin in iya tashi da jirgi. Wata Hajiya mai sarin atamfa ta ce ita ba ta son komai, in dai na fara aiki in riƙa kawar da kai in an zo auna jakunkunanta. Ni dai sai in sunkuyar da kai in ce to. A sama ma hannuna ya yi kyau. Ranar da na fara tashi ni kaɗai a ƙaramin jirgi, na sauko lafiya, Umma ta yi waina ta raba har masu dako.

Matsalar ta fito ne a zangon ƙarshe, inda ake koya mana tuƙin mutum biyu, kyaftin a hagu, mataimaki a dama. A cikin simuleta ake yi, wani babban akwati a kan ƙafafun ƙarfe, cikinsa gaban jirgi sak, yana girgiza yana karkata har ka manta a ƙasa kake. Malamin da aka ba ni wani dattijo ne Balarabe, tsohon kyaftin, mai farin gemu da kaurin murya, sa'an Kawu ko ma ya ɗan girme shi. Tun ranar farko ya gaya mana cewa zai riƙa yin kuskure da gangan, kuma aikin mataimaki shi ne ya faɗa nan take, a fili, ba kwana-kwana. Na ji, na rubuta, na haddace. Amma da muka shiga ya zauna kusa da ni, na ga gemun nan, sai jikina ya koma shagon Al Ras.

A gwajin farko ya saita tsayin da za mu sauko ƙasa da wanda hasumiyar filin jirgi ta ba mu, alhali akwai duwatsu a gabanmu. Na gani sarai. Sai na yi gyaran murya. Bai kula ba, na sake yi da ɗan ƙarfi, ina kallon lambar da gefen ido. Dattijon nan ya juyo ya miƙo mini gorar ruwa, ya ce in jiƙa maƙogwaro. Muna haka na'ura ta fara ihu, gilashi ya yi ja, akwatin ya tsaya cak. A gwaji na biyu, bayan an yi mini gargaɗi, na ɗaura niyyar yin magana. Muka nufo titin sauka bai sauke tayoyi ba. Na buɗe baki na fara da neman afuwa, na ce na san ya fi ni sani nesa ba kusa ba, kuma wataƙila idona ne, amma ko a cikin dogon aikinsa ya taɓa ganin an ɗan jinkirta wani abu daga cikin abubuwan da ake yi kafin sauka. Ban kai ga ambaton taya ba muka daki ƙasa da cikin jirgi.

Ya cire abin kunnensa ya daɗe yana kallona. Ya kira ni habibi, wato masoyi, ya ce a duk ajin ba wanda ya kai ni hannu, kuma ba wanda ya kai ni haɗari. Ya ce sau biyu ke nan ina kashe mutane jirgi guda cikin ladabi da biyayya, kuma iyalansu ba za su ji sanyi ba don an ce musu mataimakin yaron kirki ne. Dokar makaranta ta ba ni dama ɗaya tak da ta rage, bayan 'yan makonni. In na sake yin shiru, khalas, an gama, sai in nemi wata sana'ar. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Na sauka a Bur Dubai na hau abra, ƙaramin kwalekwalen da ke tsallakar da mutane, muka isa gaɓar Deira na kasa sauka, na koma da shi, na sake dawowa. Jirage suna wucewa ta kaina, na kasa ɗaga ido in kalle su.

Da na gaya musu a gida, Kawu ne ya fara hawa sama. Ya ce wace irin makaranta ce wannan da za ta kori yaro don ya ƙi yi wa sa'an ubansa rashin kunya, in haka ne tuƙin jirgi gara in dawo shago, ga sito a Al Quoz yana neman mai kula da shi. Umma tana gefe tana tsince shinkafa, ta bari sai da ya sauka. Sannan ta tambaye shi, cikin ladabin nan nata da ya fi faɗa ciwo, ranar da limamin masallacin bayan shago ya miƙe zai ƙara raka'a ta biyar a La'asar, shi Yaya da yake sahun gaba shiru ya yi don liman ya girme shi, ko gyaran murya ya yi masa. Kawu ya ce wane irin shiru, ai Subhanallahi ya ce, kowa ma ya faɗa, har samarin sahun baya. Ta tambaye shi ko liman ya yi fushi. Ya ce fushin me, ai godiya ya yi bayan sallama. Umma ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ta ce to ita a ganinta jirgi ma jam'i ne, wanda ke gaba yana iya mantuwa, kuma na bayansa da ya gani ya yi shiru ba ladabi ya yi ba, sallar kowa ya bari ta lalace.

Kawu mutum ne da in ya juya yakan juya gaba ɗaya. Washegari ya ce shi zai horar da ni da kansa. Ya zaunar da ni a shago ya umarce ni da in musa masa duk abin da zai faɗa, ni kuwa na ce to, Kawu. Umma da ta ji labari ta yi dariya har da hawaye. Kawu ya ɗauke ni a mota za mu sito, da gangan ya saki hanyar Al Quoz ya miƙe, yana satar kallona, yana jira. Na san hanyar kamar tafin hannuna, maganar tana bakina, amma harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhu. Sai da muka fara ganin ƙarshen gari ya faka a gefen titi, ya dafe kai da hannu biyu, ya ce lallai ya yi aiki, ya gina katangar da shi kansa ya kasa tsallakewa. A ranar na gane cewa kaina ya yarda da maganar Umma, amma bakina bai samu labari ba tukuna.

Ana cikin haka kiran atisaye ya zo. Raina ya ɓaci matuƙa, don kwanakin da nake son in yi ta shiga simuleta su ne zan yi a sahara ina cin yashi. Na ɗauki jakar kaki na tafi ina ganin ƙarshen burina ke nan. Wata safiya aka kai mu filin harbi. Kafin a fara, saje ya maimaita dokar da muke ji kullum har ta zama kamar waƙa, cewa a filin harbi kowa, ko ƙaramin kurtu ne, in ya ga abin da bai dace ba yana da ikon tsayar da wuta. Muka kwanta a jere, bindiga a kafaɗa, alluna a gabanmu can nesa, bayansu tudun yashi. Ni ne a ƙarshen layi ta dama, saboda haka ina hango gefen tudun da sauran ba sa gani. Hafsan da ke kula da mu ya ba da umarnin shiri. A daidai lokacin na ga wani abu yana motsi, dogon wuya, sannan wani, sannan farin rawani a tsakaninsu. Raƙuma ne da wani tsoho mai kiwonsu. Daga baya muka ji cewa iska ce ta tara yashi ta binne wani ɓangare na shingen waya, suka tako ta kai ba su sani ba.

Hafsan ya riga ya ɗaga hannu, ya ja numfashin da zai ce a buɗe wuta. Mutum ne mai muƙami, ga furfura a gefen kai, ni kuwa ba kowa ba. Na ji gyaran muryar nan tawa ta taso ta tsaya a maƙogwaro, na kuma san sarai ba wanda zai ji ta. Abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba. Subhanallahi na ce, da wata irin murya da ban san ina da ita ba, sannan na ɗaga hannu na yi ihun a tsayar da wuta, na maimaita har layin gaba ɗaya ya ɗauka. Aka ajiye bindigogi. Ni kuwa ina jiran hukuncin katse babba a gaban jama'a. Hafsan ya tako har inda nake, ya sa madubin hangen nesa ya duba inda na nuna. Ya daɗe bai sauke ba. Da ya sauke sai ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi mini albarka, ya aika mota a fitar da tsohon da dabbobinsa, saje kuma ya ce yalla, maza a koma layi. Iyakar abin ke nan. Sama ba ta faɗo ba, ba wanda ya ce ba ni da tarbiyya, kuma wani tsoho ya koma gida ya sha shayinsa bai ma san abin da ya tsallake ba.

Na dawo gari saura 'yan kwanaki gwaji. Ranar da na shiga akwatin nan, dattijon bai ko amsa gaisuwata da kyau ba, ya ɗaure fuska tamau. Tashi lafiya, tafiya lafiya, bai yi kuskure ko ɗaya ba, har na fara zaton ya manta. Sai da muka juyo za mu sauka, shi ke riƙe da jirgi, na ga mun yi sama da yawa kuma gudunmu ya wuce ƙa'ida, ga iska tana tura mu gefe. Na faɗa masa haka kai tsaye, ba neman afuwa, ba gabatarwa. Ya ce shwaiya shwaiya, wato in bi a hankali, shi yana saukar da jirage tun kafin a yaye ni. Muka ƙara matsowa, titin yana gudu a ƙarƙashinmu, na ce masa saukar nan ba za ta yiwu ba, a fasa a sake zagayowa. Ya juyo ya watsa mini harara, wallahi irin ta Kawu sak, ya ce in rufe masa baki. Amma na kalli tsakiyar idonsa, abin da ban taɓa yi wa mai farin gemu ba, na sanar da shi cewa jirgi ya dawo hannuna. Na tura wuta, na ɗaga hancin jirgi, muka koma sama. Na zagayo na saita shi a natse, na ajiye shi a kan titi kamar ana ajiye tire a gaban baƙo.

Akwatin ya tsaya, gilashi bai yi ja ba. Dattijon ya cire abin kunne, fuskar nan da ya ɗaure ta saki, ya yi dariya har gemunsa yana rawa. Ya miƙo mini hannu ya ce yanzu ne zai yarda ya sa jikokinsa a jirgin da nake ciki. Ya tambaye ni me aka ba ni na ci a sahara. Na ba shi labarin raƙuma da na liman, sai ya ce in gaida mahaifiyata, in gaya mata ta fi shi iya koyarwa. Na fito daga ginin nan ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Farin cikin da na yi a ranar ya fi na ranar da aka maƙala mini bajen fukafukai na matuƙan jirgi a ƙirji.

Kai tsaye shago na nufa. Na tarar da shi cike da 'yan kasuwa ana ta lissafin kwantena, na durƙusa a gaban Kawu kamar yadda na saba na gaya masa na ci. Ya miƙe tsaye, ya daki buhun kanumfari, ya shiga sanar da jama'a cewa ɗansa ya gama, daga yau shi ne kyaftin, kuma jirgin yaƙi zai riƙa tuƙawa tunda dama soja ne. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na ji bakina ya ce a'a Kawu, mataimaki ne tukuna, kuma jirgin fasinja ne. Hajiya mai atamfa ta riƙe haɓa. Kawu ya tsaya yana kallona, ni ma na ɗago ina kallonsa, na ga idonsa ya kawo ruwa. Sai ya gyaɗa kai a hankali ya ce to.

Yau shekaru ke nan ina zaune a kujerar dama ta babban jirgi, kuma har yanzu in an kira atisaye ina ɗaukar jakata in tafi. Abin da nake nadama shi ne tsawon lokacin da na ɗauka ina zaton shiruna kyauta ce nake ba manya, alhali sau da yawa barin su nake su faɗa rami ina kallo, don kawai a ci gaba da ce mini yaron kirki. Ina kira ga iyayenmu, musamman mu da ke renon 'ya'ya a ƙasar mutane muna tsoron kada su fi ƙarfinmu, ku koya musu gaisuwa da kunya, amma ku bar musu ƙofar da za su ce muku kun yi kuskure, kuma in sun faɗa kada ku sa su yi da-na-sani. Ku kuma matasa, ko asibiti kuke aiki, ko gareji, ko gaban mota kuke kusa da direban da ya girme ku, in kun ga abin da zai cutar da mutane ku faɗa da baki, a lokacin, da muryar da za a ji. Ni har gobe a durƙushe nake gaida Kawu, kuma ba na shirin dainawa. Amma in muka shiga mota ya saki hanya, tun kafin ya kai kwana nake gaya masa, shi kuma sai ya yi tsaki ya juya kan motar.